Dausayin Haɗejiya Da Nguru: Allo Ba Ya Tare Ruwa

Makon jiya na raka kawuna duba komarsa a wani rafi da ke kusa da Baturiya, cikin dausayin Haɗejiya a jihar Jigawa. Wurin da a da kwalekwale ke wucewa ba tare da an sha wahala ba, yanzu sai da muka sauka muna ture kachalla da hannu, ganyenta na yankar mana damtse. Ta fi mutum tsawo. Kawu ya ɗago komar, ƙananan karfasa ne da ba su cika kwano ba, ya dube ni ya ce, "Ɗana, nan fa muka kama tarwaɗar da sai mutum biyu ke ɗauka." Tun ranar maganar nan ke cina.

Wannan wuri fa a takarda keɓaɓɓe ne. Dagona, wani sashe na dausayin a jihar Yobe, tana cikin Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Chadi da aka kafa a 1991. Tafkin Nguru da mashigar Marma su ne wuri na farko a Nijeriya da aka sanya cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi, a shekarar 2000, sannan Baturiya da Dagona suka biyo baya a 2008. Har Yarima Philip na Ingila ya zo Dagona kallon tsuntsaye a 1989. Tsuntsaye ne ke tasowa tun daga Turai idan sanyi ya kama can, su ƙetare Sahara, su sauka nan su yi hunturu tare da ɗinya da kirinjijiyarmu.

To amma abin da ke raya dausayi ruwa ne, kuma ruwan nan ba a Baturiya ake yanke hukuncinsa ba. Daga Kano da Bauchi yake gangarowa ta kogin Haɗejiya da na Jama'are. An gama madatsar Tiga a 1974, daidai lokacin da farin 1973 ya gama gigita mutane. Fari ya sake dawowa a 1984. Aka ƙara madatsar Challawa a 1992. Ambaliyar da a da ke shafe kadada 250,000 ko fiye da haka duk damina ta koma ƙasa da 100,000 a shekarun da suka biyo baya. Giyayya da gabaruwa, waɗanda sai sun sha ruwan ambaliya suke rayuwa, suka soma bushewa a tsaye, masu gatari da masu gawayi suka ƙarasa su.

Batun kachalla shi ya fi ba ni takaici, domin aikin hannunmu ne. A da ruwa na zuwa da ƙarfi da damina, ya janye da rani, ƙasa ta bushe ƙurmus, makiyaya su shigo da shanu, manomi ya shuka wake a danshin da ya rage. Kachalla ba ta jure wannan bushewar. Da aka koma sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara saboda noman rani da ruwan sha, sai ta samu gindin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, laka ta taru a saiwarta, ruwan ya karkata ta Marma ya kwanta kan gonakin mutane, ɓangaren rafin Burum Gana kuma ana neman ɗigo. Cikinta ne jan baki ke kwana su hayayyafa, gari na wayewa su faɗa wa shinkafa. Sauro kuwa ba a magana.

Ban ce sauyin yanayi ƙarya ba ne, ni shaida ne. Damina ta daina zuwa yadda iyayenmu suka san ta: a yi kwana ashirin ba ɗigo, sannan a zubo na wata guda a dare ɗaya. Wanda ya ga ambaliyar 2022 a Jigawa ba ya buƙatar a yi masa bayani. Amma ruwa mai yawa idan ya tarar da hanyarsa a toshe, gari zai shiga. Abin da ba na so shi ne a riƙa fakewa da sauyin yanayi a kowane taro, kamar babu wanda ke da makullin madatsa a hannunsa.

Na ji daɗi da aka amince a 2020 a ɗaga dausayin Haɗejiya zuwa gandun ƙasa. Sai dai ma'aikacin gandu zai iya kama yaro da danko ko mai saran itace, ba zai iya sa a saki ruwa a kan kari ba. Ina roƙon Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are da gwamnatocin Kano, Jigawa, Bauchi da Yobe su zauna da masunta da manoma da makiyaya a fitar da jadawali: a saki ambaliya mai ƙarfi a watan Agusta, a bar ƙasa ta bushe da rani, a ci gaba da yashe hanyoyin ruwa ba sai ruwa ya ci gari ba. Kuma kafin a sake ta da maganar madatsar Kafin Zaki a kan kogin Jama'are, wanda shi ne ya rage yana kawo mana ambaliya yadda Allah ya saukar da ita, a zo a shiga kwalekwale ɗaya da kawuna a ga Baturiya tukuna.