Shin ya dace Chicago Cubs ta ba da matasanta domin samun mai buɗe bugu?

Tun daga watan Disamba na shekarar 2016, lokacin da ɗan wasan besbol Dexter Fowler ya bar ƙungiyar Chicago Cubs ya sanya hannu a kwantaragin shekara biyar da St. Louis Cardinals a kan dala miliyan 82.5, magoya bayan Cubs suka shiga wata muhawara da ta ɗauki shekaru ba ta lafa ba. Tambayar ita ce ko ya kamata ƙungiyar ta ba da matasan da take raino domin ta samo wanda zai gaji Fowler a matsayin mai buɗe bugu, wato mutum na farko a jerin masu bugu tara. Ba Cubs kaɗai wannan muhawara ta shafa ba, domin kusan duk shekara, da zarar watan Yuli ya kama kuma wa'adin rufe musayar 'yan wasa ya ƙarato, sai ta taso a wata ƙungiyar ta MLB, babbar gasar besbol ta Amurka. Ra'ayina a kanta bai sauya ba: kuskure ne ƙungiya ta biya farashi mai tsada saboda kawai ana kiran ɗan wasa mai buɗe bugu, kuma shugabannin Cubs sun yi daidai da suka ƙi biye wa matsin lambar da aka yi musu.

Ya kamata wanda ya saba da kasuwar 'yan ƙwallon ƙafa ya lura da wani bambanci tun da farko. A besbol ɗin Amurka ba a saba sayen ɗan wasa daga wata ƙungiya da tsabar kuɗi ba. Musaya ake yi, kuma abin da mai nema yake bayarwa galibi matasa ne da ke ƙananan gasanni, waɗanda idan suka shigo babbar gasa ƙungiyar za ta ci moriyarsu har kimanin shekara shida kafin su sami 'yancin zuwa inda suke so, kuma a shekarun farko albashinsu kaɗan ne ƙwarai. Saboda haka duk wanda ya ce a je a samo mai buɗe bugu, abin da yake nufi a zahiri shi ne a ɗauki wani ɓangare na gobe a miƙa wa wata ƙungiya domin biyan buƙatar yau. Wani lokaci hakan ya dace, amma sai an tabbatar cewa buƙatar ta gaske ce.

To, mene ne ainihin abin da gurbin farko yake bai wa mai riƙe da shi? Abu biyu ne. Na farko, shi ne zai fara bugu a zangon farko na wasa, babu kowa a tasha, wato wurare ukun da mai bugu yake bi kafin ya koma gida ya ci maki, kuma ba a fitar da kowa ba. Wannan tabbaci ne na sau ɗaya tak a wasa mai zango tara, domin daga nan jerin yana juyawa ne yadda wasan ya kama, kuma yana iya zuwa bugunsa na biyu bayan an riga an fitar da mutum biyu, ko ya tarar da abokansa a tasha suna jiran wanda zai kai su gida. Na biyu, shi ne yake samun damar bugu fiye da kowa. Lissafin wannan mai sauƙi ne: wasa 162 ake yi a kaka, masu bugu kuma tara ne, kuma wasa yana iya ƙarewa a kan kowannensu, saboda haka kowane gurbi yana fin wanda ke bayansa da kimanin dama 18 a shekara. Tsakanin na farko da na biyar ke nan akwai tazarar dama kusan 70. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma abin da yake nunawa shi ne a bai wa ɗaya daga cikin gwanayen ƙungiya wannan gurbi, mutumin da ba a saurin fitar da shi. Bai nuna cewa akwai wata baiwa ta musamman da sai an je wata ƙungiya an nemo ba.

Abin da ya sa Fowler ya yi wa Cubs amfani shi ne wuyar fitarwa. A kakar 2016 ya isa tasha sau 393 cikin kowace dama 1,000 da ya samu, ko ta hanyar bugun da ya tsira, wato wanda ya kai shi tasha kafin masu tsaron fili su fitar da shi, ko ta hanyar haƙurin barin munanan jifa huɗu su wuce har a ba shi tashar farko kyauta. Bayansa kuma akwai Kris Bryant da Anthony Rizzo, waɗanda suka iya kai mutum gida. Koci Joe Maddon ya sha nuna cewa idan Fowler ya motsa to ƙungiyar ta motsa, kuma ranar 2 ga Nuwamba 2016, a wasa na bakwai na World Series, wato zagayen ƙarshe na cin kofin gasar, a Cleveland, Fowler ya buɗe wasan da dogon bugun da ya tsallake katanga a kan jifan Corey Kluber. A daren nan Cubs ta ci 8 da 7 a zango na goma, ta ɗauki kofin da rabonta da shi tun 1908. Duk wanda ya kalli wannan wasa dole ya ji cewa rashin Fowler babban rashi ne, kuma ban ga laifin masu jin haka ba. Sai dai ana yawan mantawa da yadda aka samo shi. A watan Janairu 2015 Cubs ta karɓo shi daga Houston Astros, ta ba da Luis Valbuena da Dan Straily, kuma babu ɗayansu da yake cikin 'yan wasan da ƙungiyar ta shirya gina makomarta a kansu. Ciniki ne mai kyau saboda farashinsa bai taɓa jijiyar ƙungiyar ba.

Da Fowler ya tafi, Maddon ya ɗora Kyle Schwarber a gurbin farko a kakar 2017, abin kuma bai yi kyau ba. Schwarber ya dawo ne daga mummunan raunin gwiwa da ya hana shi buga kusan dukkan kakar 2016, bugunsa ya yi ƙasa sosai, har a watan Yuni aka mayar da shi ƙaramar ƙungiyar Cubs da ke Iowa domin ya gyara hannunsa. Daga nan aka yi ta gwada mutane daban-daban, har da Rizzo kansa. Masu neman a yi musaya suka ɗauki wannan a matsayin hujjar da ta rufe magana. Amma ga abin da ya faru a allon maki: a 2016, da Fowler, Cubs ta ci maki 808 a kaka, a 2017 kuma, ba tare da shi ba kuma ba tare da tsayayyen mai buɗe bugu ba, ta ci 822. Nasarorinta sun ragu daga 103 zuwa 92, gaskiya ne, amma dalilin yana wajen masu jifa da masu tsaron fili, waɗanda suka bari aka ci su maki da yawa fiye da shekarar da ta gabata. Theo Epstein, wanda yake shugabantar harkokin wasa na ƙungiyar a lokacin, ya ga haka, shi ya sa a watan Yuli 2017 ya ba da Eloy Jiménez da Dylan Cease ga Chicago White Sox ya karɓo mai jifa José Quintana. Ana iya jayayya a kan ko wannan cinikin ya yi tsada, kuma ni ina ganin ya yi, amma aƙalla an kai maganin inda ciwon yake.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wajen waɗanda muke saɓani da su ta zo ne a ƙarshen 2018, kuma ba zan raina ta ba. Cubs ta ci wasa 95, amma a kwana biyu a jere, a filinta na Wrigley, Milwaukee Brewers ta doke ta 3 da 1 a wasan raba gardama, sannan Colorado Rockies ta fitar da ita 2 da 1 bayan zango goma sha uku. Maki biyu kacal a zango ashirin da biyu. Epstein da kansa ya amsa cewa bugun ƙungiyar ya lalace a rabin kakar na biyu. Daga nan sunan Whit Merrifield na Kansas City Royals ya yi ta yawo a bakin magoya baya da 'yan jarida, domin shi ne ya fi kowa yawan bugun da ya tsira a gasar a 2018 da 2019, ga shi da gudu, ga satar tasha, wato rugawa zuwa tasha ta gaba ba tare da jiran bugu ba, ga kwantaragi mai sauƙi. A ido shi ne ainihin hoton mai buɗe bugu na gargajiya. Amma a 2019 Merrifield ya riga ya kai shekara talatin, kuma ƙarfinsa ya dogara ne kacokan a kan ƙafa da saurin hannu, waɗanda su ne suke fara barin ɗan wasa. Bai kasance mai haƙurin barin jifa ba kamar Fowler. Zuwa 2022 yawan isarsa tasha ya faɗi ƙasa da sau 300 cikin 1,000. Kansas City kuwa ba za ta sake shi a banza ba, kuma matasan da Cubs take raino sun riga sun yi ƙaranci, tunda Gleyber Torres ya tafi New York Yankees a cinikin Aroldis Chapman na 2016, Jiménez da Cease kuma sun bi bayansa. Da an kwashe ragowar matasan an ba da, da an sami shekara biyu masu kyau daga mutum ɗaya, alhali matsalar bugu ta kama jerin gaba ɗaya.

Wanda yake son ganin yadda irin wannan ciniki yake kasancewa idan an yi shi, ya dubi Washington Nationals. A Disamba 2016, wato watan da Fowler ya bar Chicago, Nationals ta ba White Sox matasan masu jifa uku, Lucas Giolito da Reynaldo López da Dane Dunning, domin ta sami Adam Eaton ya riƙe mata saman jeri. Bai cika wata guda yana wasa ba a kakar 2017 jijiyar gwiwarsa ta tsinke, kakar ta ƙare masa bayan wasa 23. Rauni ƙaddara ce, ba a ɗora wa kowa laifinsa, kuma adalci ya sa a faɗi cewa Eaton ya taka rawar gani a World Series na 2019 da Nationals ta lashe. Sai dai a wannan kakar Trea Turner ne yake buɗe bugu, Eaton yana bin bayansa a gurbi na biyu, wato dai gurbin da aka biya matasa uku dominsa, wanda yake gida tun da farko ne ya riƙe shi a ƙarshe. Giolito kuma a 2019 ɗin nan ya shiga sahun zaɓaɓɓun gwanayen gasar, a watan Agusta 2020 ya yi wasa cikakke da Pittsburgh Pirates ba tare da ko mutum ɗaya ya sami bugun da ya tsira a kansa ba.

Za a ce mini ai Oakland Athletics ta karɓo Rickey Henderson daga Yankees a watan Yuni 1989, ta ba da Greg Cadaret da Eric Plunk da Luis Polonia, kuma a shekarar ta ɗauki kofi, Henderson ɗin ma shi aka zaɓa gwarzon wasannin da suka kai ta zagayen ƙarshe. Haka ne, kuma da ni ne da na yi wannan cinikin ba tare da jinkiri ba. Amma Henderson mutum ne da ya saci tasha sau 1,406, ya ci maki 2,295, babu wanda ya kai shi a duka biyun a tarihin gasar, kuma tsawon rayuwarsa ta wasa yana isa tasha sau huɗu cikin kowace dama goma. Ko a gurbi na uku aka sa shi, ko na biyar, zai kasance gwanin ƙungiyar. Wannan shi ne ma'aunin da nake ganin ya kamata kowace ƙungiya ta yi amfani da shi kafin ta ɗaga waya: idan aka cire batun gurbin farko gaba ɗaya, shin wannan mutum yana cikin masu bugu uku mafi kyau da za mu samu a jerinmu, kuma shin za mu biya wannan farashi dominsa? Henderson ya tsallake wannan ma'auni da nisa, Merrifield na 2019 kuwa bai tsallake shi ba a jerin da yake da Bryant da Rizzo da Javier Báez da Willson Contreras.

Abin da ya fi damuna a cikin labarin nan duka shi ne hukuncin da aka yanke wa Schwarber. Saboda wata biyu da rabi na rashin sa'a, yana saurayi ɗan shekara 24 da ya taso daga jinya, aka yanke cewa mutum mai jiki irin nasa, wanda ba shi da gudu kuma yake yawan kuskuren ƙwallo, bai dace da gurbin farko ba. Cubs ta sake shi a Disamba 2020 ba ta karɓi komai ba. Da ya isa Philadelphia Phillies a 2022 aka mayar da shi wannan gurbin dai, ya buga ƙwallo 46 waje da katanga, ƙungiyar ta kai World Series. A 2023 ya buga 47, aka kuma ba shi tasha kyauta sau 126, duk da cewa bugunsa da ya tsira bai kai ɗaya cikin biyar ba. A 2024 ya buɗe wasa da dogon bugu sau 15, ya karya tarihin 13 da Alfonso Soriano ya kafa a 2003. Ashe tunanin Maddon na 2017 ba shi da aibi, lokaci ne kawai bai yi ba, kuma mutumin da magoya baya suka yi shekaru suna roƙon a nemo musu yana zaune a ɗakin sauya kayansu. Sauran manyan ƙungiyoyi ma hanyar da suka bi ke nan. Atlanta Braves ta ɗora Ronald Acuña Jr., gwaninta na ɗaya, a saman jeri, Los Angeles Dodgers kuma ta mayar da Shohei Ohtani can a watan Yuni 2024 bayan Mookie Betts ya karye a hannu, kuma babu ɗayansu da ta ba da matashi ko ɗaya domin cike gurbin.

Na yarda cewa dokokin da aka sauya a 2023, da suka ƙara girman tasha daga inci 15 zuwa 18 kuma suka taƙaita yawan jifan da mai jifa zai yi don tsare mai shirin sata, sun ƙara wa gudu daraja. Duk da haka ba a satar tashar farko, sai mutum ya isa can da bugunsa ko da haƙurinsa, kuma mai sata da ake kamawa fiye da sau ɗaya cikin huɗu kusan bai ƙara wa ƙungiyarsa komai ba.

Cinikin da Cubs ta yi ranar 31 ga Yuli 2019 shi ne irin wanda nake goyon baya. Ta ba Detroit Tigers matasan masu jifa biyu da ba su cikin sahun gaba, ta karɓo Nick Castellanos, wanda babu mai kiransa mai buɗe bugu, aka sa shi galibi a gurbi na biyu, ya buga ƙwallo 16 waje da katanga a wasa 51. Ƙungiyar ba ta tsallake zuwa wasannin kofi ba a shekarar, ta tsaya a nasara 84 bayan rauni ya kama Báez da Rizzo da Bryant a watan Satumba, kuma ban ga yadda Merrifield ko wani mai gudu a saman jeri zai hana wannan faɗuwar ba.