Ba hazo kaɗai ke shaƙe mu a hunturu ba

Duk shekara da zarar Nuwamba ta kama, leɓe ya fara tsagewa, yara suka fara tari, sai kowa ya ɗora wa hazo laifi. Hazon yana da nasa kason, ban musa ba. Amma ina ganin mu Kanawa mun samu mafaka ne kawai, tunda hazo daga Allah yake, ba wanda za a tuhuma a kansa, alhali babban kaso na abin da ke shiga ƙirjinmu mu muka kunna shi da hannunmu.

Yawancin ƙurar nan daga Bodele take tasowa, wani kwari a arewacin Chadi wanda a da can gindin tafki ne. Iskar arewa maso gabas tana matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta fito da ƙarfi, ta kwashi garin ƙasa ta yo kudu da shi, har wata rana jirage su kasa sauka a filin Malam Aminu Kano. Wannan kam ba mu da iko a kansa.

Mutane da yawa sun ɗauka duk garin da ke kan dutse iskarsa tas take. Jos ce ta sa muke wannan zato, domin tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, a buɗe take, iska na ratsa ta. Garin da duwatsu suka yi wa zobe kuwa labarinsa daban ne. Katmandu, babban birnin Nepal, a cikin kwari take a tsayin kusan mita 1,400. Birnin Meziko ya haura mita 2,200. Dukkansu sun yi ƙaurin suna wajen gurɓatacciyar iska, kuma lamarin ya fi tsananta a lokacin sanyi.

Ga yadda abin yake. Da rana ƙasa kan ɗumama iskar da ke kusa da ita, iskar ta yi sama, ta tafi da hayaƙi. A daren sanyi da babu gajimare, ƙasa na saurin hucewa. Iska mai sanyi nauyi gare ta, sai ta gangaro daga duwatsu ta kwanta a kwarin, mai ɗumi ta zauna a samanta kamar faifai a bakin ƙwarya. Duk abin da aka ƙona a daren nan ba shi da mafita, yana nan daidai hancin mutane har sai rana ta ɗaga. Da Meziko ta gane haka, a 1989 ta sa dokar da ke hutar da kowace mota rana ɗaya a mako. Mongoliya ma, da babban birninta ke cikin kwari, ta hana ƙona ɗanyen kwal a gidajensa a 2019.

Wani zai ce ina ruwan Kano, mu da ba mu da duwatsu sai Dala da Goron Dutse? Gaskiya ne, shimfiɗaɗɗiyar ƙasa gare mu, kuma rahama ce, domin da iska ta motsa sai ta share garin. Amma rufin nan na dare ba sai da dutse yake samuwa ba. Busasshen dare mai sanyi da iska ta kwanta ya wadatar, kuma haka yawancin dararen Disamba da Janairu suke. Wanda ke shakka ya hau gadar Ƙofar Nasarawa bayan asuba ya dubi gari. Zai ga hayaƙi a kwance a kan rufin gidaje, ba ya tashi, launinsa da ɗan shuɗi, ba fari-fari irin na hazo ba. Hancinsa ma zai gaya masa, domin ƙurar sahara ba ta warin ƙonanniyar leda.

Abin da ke ci mini rai shi ne a daidai wannan lokacin muka fi ƙone-ƙone. Bayan magariba a cinna wa bola wuta, ta kwana tana cin kanta a hankali. Masu jin ɗumi su kunna taya. Masu babbaka su fara tun kafin gari ya waye, janareta sun kwana suna aiki, manyan motoci na ɗumama inji. A bakin layinmu akwai baiwar Allah mai tuyar ƙosai, da leda take hura wuta saboda iccen ya kama da wuri, ga goyo a bayanta, idon yaron na ta zubar da ruwa. Cikin wannan iskar 'yan makaranta ke fita da safe, wasu a bayan a-daidaita-sahu.

Likitoci sun fi jin tsoron ƙananan ƙwayoyin da ake kira PM2.5, waɗanda ke wuce hanci su kai can ƙarshen huhu, wasu har cikin jini. Hazo ma yana ɗauke da su, amma hayaƙi kusan dukkansa su ne. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bai kamata matsakaicinsu a yini ya wuce maikirogiram 15 (wani ɗan mitsitsin ma'aunin nauyi ne) a kowace mita kubik ta iska ba. Mai asma da tsoho mai ciwon zuciya su ne ke fara jin jiki.

Ba na ganin laifin mai ƙosai, gas ya fi ƙarfinta. Almajirin da ya kwana a rumfar kasuwa ma bargo yake buƙata, ba faɗa ba. Amma ƙona bola da taya ba dole ba ne. A hana shi daga Nuwamba zuwa Fabrairu, a kuma ƙara motocin kwashe shara a watannin nan, domin wanda ba a kwashe masa ba ƙonawa zai yi. Gidajen rediyonmu da ke faɗa mana farashin masara su riƙa faɗin yanayin iska kowace safiya, iyaye su san ranar da za su sa wa yara takunkumi. Limamai da masu unguwanni kuwa, don Allah ku yi wa jama'a wannan bayanin tun kafin sanyin bana ya kankama.