Ni da ƙwaryar goro a tashar Agege

Kwanana uku da sauka a Agege ta Ikko, Kawu ya ga burodin garin da na ci ya isa haka, lokaci ya yi da zan yi wani abin amfani. Ya miƙo mini ƙullin goro, ƙwarya guda cif, fari da ja, an naɗe da ganye an cusa a leda. Wai in kai wa wani abokin cinikinsa a Oyingbo kafin magariba.

"Kada ka kuskura ka hau motar danfo, a Oshodi za ka kwana. Jirgin ƙasa za ka bi. Zauna in koya maka."

Duk wanda ya san Kawu ya san in ya ce zauna, to a nemi tabarma. Shekararsa sama da arba'in a Agege, goro kuma gado ya yi, don haka ba ya fara maganar jirgi sai ya faro daga Turawa. A 1896 aka soma shimfiɗa dogo daga Ikko, ya ratsa ta Agege, ya isa Badun a 1901, sannan a 1912 aka haɗe shi da layin Baro zuwa Kano. Kafin nan, in ji shi, goro sai ayarin fatake daga Gwanja, wata da watanni a bayan jaki. Da dogo ya zo, ga gonakin goro da na koko sun kewaye Agege, sai mutanenmu suka yi ta sauka a bakin tasha suna saye, suna ɗaure huhu, suna lodawa a tarago zuwa arewa. Wanda ya zo don kwana bakwai ya yi aure, ya yi jikoki. Zango ya kafu, har aka naɗa Sarkin Hausawa, sarautar da ke nan har gobe. Wannan ɓangaren na darasin ban da ja a kansa, na bincika daga baya na tarar haka yake.

Ɓangare na biyu ne ya kai ni ya baro.

Jirgin da Kawu ya sani shi ne tsohon nan mai siririn dogo, wanda ke jigilar ma'aikata da 'yan kasuwa safe da yamma tsakanin Iddo da Ijoko. Ya zayyana mini ƙa'idojin shigarsa kamar mai shirya ɗan dambe. Hula a aljihu. Silifa a hannu, don ƙafa ta kama ƙasa. Riga a naɗe a ƙugu. Ba a jira jirgi ya gama tsayawa, wanda ya jira sai dai ya ɗaga masa hannu. Gwiwar hannu ita ce tikitin gaske. In ƙofa ta cika, Allah ya yi taga. "Amma rufi, kada ka hau. Ka bar wa 'yan gari, su suka san inda ake sunkuyawa."

'Yar Kawu, wadda ke karatu a Yaba kuma kusan kullum a jirgi take tafiya, ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Baba, ai wannan jirgin da Yaya zai hau..."

"Ke, manya na magana."

Ta haɗiye maganarta. Da zan fita ta biyo ni soro ta danƙa mini wani kati, ta ce da shi ake shiga, sunansa Cowry, shi ne dai wanda ake hawa manyan motocin BRT da shi. Ta ƙirga mini da yatsu: Ikeja, Oshodi, Mushin, Yaba, Oyingbo, a ta biyar in sauka. Kawu ya tambayi ma'anar sunan katin, aka ce masa wuri ke nan, irin kuɗin da. Ya yi dariya ya ce kakanninsa da wuri suka sayi goro, ashe duniya zagaye take yi. Sai daga baya na ji cewa rabonsa da taka tarago tun kafin ciwon gwiwa ya kama shi, shekara goma da wani abu.

Tun daga nesa ya kamata in sha jinin jikina. Na zaci zan ga rumfar kwano da masu tallan dafaffen ƙwai, sai ga gini garɗeɗe, da gilasai, an rubuta masa sunan Babatunde Fashola. Ashe tashar yanzu ta tara jirage. Akwai na Badun mai faffaɗan dogo, wanda aka buɗe a watan Yunin 2021, yana tasowa daga Ebute Metta ya tsaya nan ya wuce Abeokuta har Moniya. Akwai kuma na cikin gari da suke kira Red Line, wato jan layi, kilomita 27 da tasha 8 daga Agbado zuwa Oyingbo, wanda ya fara ɗaukar fasinja a watan Oktoban 2024. Shi aka aike ni in hau. Na ɗora kati a na'ura, ta yi ƙara, na wuce ina jin kaina ɗan birni.

A bakin dogo mutane tsaye cikin natsuwa, wasu da kwat, kowa na latsa waya. Na ce a raina, ku ci gaba da yaudarar baƙo, na san halinku in jirgi ya doso. Na tuɓe hula na cusa a aljihu. Na cire silifa. Na tattare riga na ƙulle a ƙugu, na rungume goro a ƙirji. Wata mata ta ja ɗanta gefe. Wani ma'aikacin tasha ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "Malam, lafiya?" Na ce lafiya ƙalau, ina karanta Ayatul Kursiyyu a zuci.

Jiniya ta yi kuka. Ban tambayi kowa ina ya nufa ba, don a darasin Kawu babu babin tambaya. Na bi shi da gudu tun bai tsaya ba, na kai ƙarshen dandamali, na dawo da baya, saboda ƙofofin a rufe suke ruf, tagogin kuwa gilashi ne da ko ƙuda ba zai ratsa ba. Ƙofa na buɗewa na sa kai da dukkan ƙarfin da na tanada don ture mutum ashirin. Babu ko mutum ɗaya a gabana. Wanda ya taɓa jingina da ƙofar da ba a saka wa sakata ba ya san abin da ya biyo baya. Na tsinci kaina rub da ciki a tsakiyar tarago, sanyin na'ura na dukan bayana, leda ta fashe, goro ɗari ya watse kamar an buɗe wa tumaki garke.

A nan na yarda mutanen Ikko suna da kirki, ko da yake kirkin nasu da dariya yake zuwa. Tarago guda ya duƙa tsintar goro. Mai kwat yana rarrafe a ƙarƙashin kujera, ɗan makaranta yana tare na gaba da takalmi, jirgi na tafiya goro na gangarawa. Wata tsohuwa Bayarabiya ta ɗauki manya biyu farare, ta ɗaga sama ta yi mini doguwar addu'a da Yarabanci, ta ƙulle a bakin zane. Ta ɗauka rabo nake yi. Wa zai karɓe goro daga hannun tsohuwa bayan ta sa albarka? Na ce amin.

Na samu kujera, abin da Kawu ya rantse ba a samu, na mayar da hula, na shiga ƙirgen tasha da yatsu. Aka tsaya ta ɗaya, na naɗe yatsa. Na ji an ambaci suna mai farawa da "I", na ce Ikeja ke nan. Sai dai na ga gidaje suna raguwa, ciyayi na ƙaruwa, na ce ashe Oshodin da ake ta zuzutawa ma daji ce. A ta biyu kowa ya miƙe ya fita. Na zauna daram da yatsu biyu a naɗe, ina jiran saura uku. Ma'aikaci ya leƙo ya ce an zo ƙarshe. Na ce kai, sabon jirgi da sauri yake, har Oyingbo? Ya ce Agbado ce nan. Waccan ta farkon Iju ce. Ya ƙara da cewa, don in san matsayina, yanzu a jihar Ogun nake.

Da na ƙirga goro a bakin tasha, casa'in da huɗu. Na sayi ruwan leda na yi alwala, na yi sallar magariba a Agbado, lokacin da ya kamata a ce ina Oyingbo ana ba ni tukwici. Kunya ta hana ni komawa cikin tasha in sake haɗa ido da mutumin nan, sai na hau danfon da aka hana ni, na tsugunna kusa da kwandasta har Pen Cinema a Agege.

Na tarar da Kawu a ƙofar gida da rediyo a kunne, 'yarsa kuma a soro, ta toshe baki da mayafi tun kafin in fara bayani. Na kwashe labari tas na faɗa, ban rage komai ba sai faɗuwar. Ya karɓi leda ya zazzage a tire, ya ƙirga da kansa, ya dube ni.

"Arewa ya yi da kai ko?"

Na ce arewa.

Ya gyaɗa kai, ya ɓare ɗaya ya jefa a baki, saura casa'in da uku. "Goron Agege ai bai san hanyar kudu ba, shekara ɗari arewa yake tafiya. Gobe da asuba ka koma. Ka cire silifan da wuri."