Hankicin dattijo a masallacin Shara Mansur

Ranar Talatar da ta wuce, bayan sallar La'asar a wani ƙaramin masallacin unguwa wajen Shara Mansur a nan Makka, wani dattijo ɗan ƙasarmu Nijeriya ya miƙe tun mutane ba su gama tasbihi ba. Umara ya zo. Ya shimfiɗa farin hankici a bakin ƙofa, ya zaro takarda daga cikin leda, da hatimin dagaci a jikinta da hoton ginin Islamiyya da ya kai linta ya tsaya. Ko salati bai ƙarasa ba liman ya taso, ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ya Hajji, mamnu'u." Wani Bahaushe mazaunin unguwar ya matso da sauri. "Baba, ku naɗe hankicin nan, a nan ba a yi. In mai duba masallatai ya shigo, liman ne zai fara amsa tambaya, ku kuma sai tarhil, a mayar da ku gida." Tsohon ya naɗe, hannunsa na rawa. Sai wani matashi ɗan Saudiyya, yana sa takalmi, ya yar da magana cewa da irin wannan ake tara wa Boko Haram.

Yaron ya zalunci tsohon, kuma maganar ta soki duk Bahaushen da ke wurin. Amma na juya ta na juya, na kasa ganin laifin limamin. Hana tara kuɗi a masallaci tsohuwar ƙa'ida ce a ƙasar nan, kuma jini ne ya kawo ta.

A daren 12 ga Mayun 2003 'yan Alƙa'ida suka kutsa rukunin gidaje uku a Riyad da motoci maƙare da bam. A watan Nuwamba, cikin azumi, suka sake a rukunin gidajen Muhayya, inda akasarin waɗanda suka mutu Larabawa ne. Wata guda bayan nan, a Disambar 2003, matasan da ake kira 'yan Taliban suka far wa 'yan sanda a Kanamma ta jihar Yobe. Shekara ɗaya cutar ta kama mu da Saudiyya. Haka ma karon farko: Juhaiman da mutanensa sun mamaye Harami a ranar 1 ga Muharram 1400, wato Nuwamban 1979, aka yi mako biyu ana fafatawa, sai ga Maitatsine a 'Yan Awaki ta Kano cikin Disambar 1980, inda aka rasa rayuka sama da dubu huɗu. Bayansa aka yi Bulunkutu, aka yi Jimeta, aka yi Gombe. Sau biyu muna tashi tare da su. Yau mutum zai bi hanyar Makka zuwa Madina da ƙarfe biyun dare da iyalinsa yana gyangyaɗi, mu kuwa sai an yi istihara kafin a hau hanyar Damboa.

Aljihu hukumomin Saudiyya suka fara kamawa. Bayan hare-haren Riyad aka kwashe akwatunan sadaka daga masallatai da ƙofofin kantuna, aka hana ƙungiyoyin agaji tura kuɗi waje yadda suka ga dama, aka rushe babbar ƙungiyar nan ta Haramain a 2004. Yanzu mai son yin sadaka manhajar Ihsan zai buɗe a wayarsa, wadda gwamnati ta ƙaddamar a 2021, ya zaɓi ko rijiya ko maraya ko biyan bashin fursuna, ya biya da katin banki. Agajin da zai fita ƙasar waje kuma ta Cibiyar Sarki Salman yake bi, wadda aka kafa a 2015. Kowane asusun banki a ɗaure yake da lambar iƙama, wato takardar izinin zaman baƙo, ko katin ɗan ƙasa, har ma in iƙamar baƙo ta mutu sai asusun ya daskare. Layin waya ma sai da hoton yatsa. Riyal ba ya tafiya sai ya bar sawu. Ku tuna fa, 'yan Nijeriya shida da suka tura wa Boko Haram dala 782,000 daga Dubai, kotun Abu Dhabi ce ta ɗaure su. A jaridu muka gani a 2020, alhali gida kuɗin ya sauka.

Sai mumbari, wanda shi ne abin da mutanenmu suka fi kasa ganewa idan sun zo. Liman da ladan a nan ma'aikatar harkokin Musulunci ce ke naɗa su, ita ke biyan su duk wata, ita ke sauke su. Ba kowane masallaci ake Juma'a ba, sai wanda aka ware. Akwai masu zagayen duba masallatai, suna lura da ko liman yana zuwa, da abin da aka faɗa, da littattafan da ke kan kanta. Lokaci zuwa lokaci takardar umarni kan sauko daga ma'aikatar cewa huɗubar wannan Juma'a a kan abu kaza za a yi ta, sai ka ji magana ɗaya daga Jizan har Tabuk. Baƙo ba ya tashi bayan salla ya ce "'yan'uwa ku ba ni minti biyar" sai da takardar izini, komai tsawon gemunsa. Kafin azumi akan maimaita wa limamai cewa kada a tara kuɗin buɗa-baki, kada a kafa kyamara ana yaɗa salla, kuma duk mai i'itikafi liman ya san ko wane ne. A watan Agustan 2010 Sarki Abdullah ya taƙaita ba da fatawa ga jama'a ga 'yan majalisar manyan malamai da waɗanda aka yi wa izini. A 2016 aka karɓe ikon kama mutane daga hannun 'yan Hai'a, wato hisbarsu. A 2021 aka ce lasifikar waje kiran salla da iƙama kawai za ta yi, kuma kada ƙararta ta wuce kashi ɗaya cikin uku.

Wanda ya san yadda Markaz ɗin Muhammad Yusuf, wanda ya kafa Boko Haram, ya girma a Maiduguri shekara da shekaru, ana sayar da kaset ɗinsa a tasha, ana kama shi ana saki, zai gane amfanin wannan. Mai kiran matasa zuwa ga makami yana buƙatar wuri, da taro, da lokaci. A nan an hana shi duka ukun.

Kuma ba su bar malamai su kaɗai a fili ba. A ƙarshen 2003 malamai uku da ke ba 'yan bindiga fatawa, Aliyu al-Khudair da Nasir al-Fahad da Ahmad al-Khalidi, sun fito a talabijin ɗin gwamnati sun janye maganganunsu a gaban kowa. Namu malaman sun yi irin wannan aiki, har sun fi, da bakinsu da littattafansu, babu mai tsaron bayansu. Shaikh Ja'afar Mahmud Adam ya yi ta gargaɗi a kan wannan aƙida, aka harbe shi yana jan sallar Asuba a Ɗorayi ta Kano a watan Afrilun 2007. Shaikh Albani Zariya ya yi musu raddi dalla-dalla, aka tare shi a hanya a Fabrairun 2014 aka kashe shi da matarsa da ɗansa. Hujja muna da ita tun farko. Hukuma ce ba ta tsaya a bayanta ba.

Ta fuskar bindiga ma da lissafi suka bi. A Disambar 2003 aka buga sunaye da hotunan mutum 26 da ake nema a jaridu, da tukwicin riyal miliyan ɗaya zuwa bakwai gwargwadon labarin da mutum ya kawo. A watan Yunin 2004 aka kashe jagoran Alƙa'ida a Saudiyya Abdul'aziz al-Muƙrin a Riyad, kuma a watan ne aka yi shelar afuwa ta wata ɗaya ga wanda ya miƙa kansa. A 2008 aka kafa kotu ta musamman don shari'ar ta'addanci. Muhimmancin jerin sunaye shi ne yana raba mai laifi da unguwarsu. Idan jami'i bai san wanda yake nema ba, layi guda zai kwashe, kuma kowane saurayi da aka daka ba da haƙƙinsa ba ya zama ɗan aiken maƙiyi. Mu a Yulin 2009 Muhammad Yusuf ya shiga hannu da ransa, aka kashe shi a hannun 'yan sanda ba shari'a, ya tafi da duk abin da ya sani game da masu ba shi kuɗi da masu karɓo belinsa. Dokar yaƙi da ta'addanci sai 2011 muka samu. Shari'ar tarin waɗanda ake tsare da su a Kainji sai Oktoban 2017 aka fara.

Abin da muka kwaikwayo shi ne wutsiyar aikin, wato gyaran tubabbu. Shirinsu na Munasaha ya fara a gidajen yari a 2004, aka buɗe masa cibiya a Riyad a 2007. Malami ne ke zama da mutum su bi hujjojinsa ɗaya bayan ɗaya, kafirta Musulmi, mubaya'a, sharuɗɗan jihadi, ga kuma likitan ƙwaƙwalwa. Ana kiran iyali tun daga farko, kuma kafin a sallame shi sai danginsa sun tsaya masa. Bayan fita ana taimaka masa da aiki da aure, ana kuma sa masa ido. Uban da ya sa hannu ya san gidansa za a fara zuwa in ɗan ya ɓace. Sansanin Malam Sidi a Gombe, ƙarƙashin shirin da aka fara a 2016, yana koyar da sana'a yana wa'azi, amma wa zai tsaya wa tubabben da aka ƙone ƙauyensu, danginsa kuma suna sansanin gudun hijira? Matar da aka yanka mijinta tana layin awo, tana kallon ana ba shi keken ɗinki. A nan ne shirin ke tsinkewa, kuma abin ya ƙara nauyi da dubban da suka fito daga daji bayan mutuwar Shekau a 2021.

Na san abin da za a ce. Munasaha ma ta yi yoyo, don Sa'id al-Shihri ya bi ta cikinta ya tsallaka Yaman ya zama mataimakin shugaban Alƙa'ida a can, kuma a 2009 wani da ya ce ya tuba ya ta da bam a gaban Yarima Muhammad bin Nayif, mai jagorantar yaƙi da ta'addanci a lokacin, a Jidda. An kai hari masallatai a 2015, an kai kusa da masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a azumin 2016. Wuƙar da aka wasa don 'yan bindiga ta taɓa waɗanda ba su riƙe ko sanda ba, ga malamin nan Salman al-Auda a tsare tun 2017. Su kuma sarauta ɗaya ce da kuɗin mai, mu sashe na 10 na tsarin mulki ya hana gwamnati ɗaukar wani addini nata, ga Ɗariƙa ga Izala ga Shi'a ga coci, kuma an ga hayaniyar da dokar wa'azi ta tayar a Kaduna a 2016. Gwamnan da ka ba ikon raba lasisin huɗuba, malamin da ya zage shi zai fara hanawa. Duk na yarda. Amma rajistar masallatan Juma'a, da sanin wanda ke hawa mumbari, da buɗe wa kowane masallaci asusun banki mai sa hannun mutum uku, waɗannan ba sai da rijiyar mai ba. Majalisun malamai da sarakuna za su iya riƙe su, in tsoron gwamna ake yi.

Sai dai akwai abin da ba na faɗa wa 'yan ƙasar nan. Masallatansu shiru suke. Ana sallame salla kowa ya kama takalminsa, bayan Isha'i a kashe fitila. Babu malamin zaure da almajirai sun kewaye shi da Ahalari da Ishmawi, babu tafsirin azumi da mai jan baƙi yana rera aya malam yana warware ta da Hausa har tsoho ya share hawaye da bakin rawani. Yaran Hausawan da aka haifa a Makka, masu amsa sunan Hausawi, da yawansu ba su taɓa jin wannan ba. Abin da suka sani game da ƙasar kakanninsu shi ne abin da wancan matashi ya faɗa yana sa takalmi, kuma ba su da amsar da za su mayar masa. Gwamnatocinmu ne suka jawo mana wannan, su suka bar sunanmu ya lalace har dattijo mai neman kwanon rufin Islamiyya ya zama abin zargi a garin da ya yi shekaru yana tara kuɗin zuwa.

A waje, gindin bangon masallacin, mutanenmu suka kewaye tsohon. Wani ya kawo masa shayi a kofin takarda, wani ya gargaɗe shi kada ya sake fito da takardar ko a harabar Harami, don dokar hana bara ta tanadi ɗauri da tara, baƙo kuma a mayar da shi gida. Da ya ce daga wajen Tsafe yake, sai maganar Islamiyya ta tsaya. Wani tela da ya shekara goma sha ɗaya bai je gida ba ya durƙusa a gabansa ya ce, "Baba, don Allah hanyar Funtuwa zuwa Gusau, ana bi da yamma yanzu?" Tsohon ya kurɓi shayin, ya ce su dai da hantsi suka biyo, kuma a ayari.