Mata 705 da Suka Ƙaryata Likita: Yadda Ƙungiyar AAUW Ta Yi Aikinta a Amurka

A shekarar 1873 wani likita a birnin Boston mai suna Edward Clarke, wanda ya taɓa koyarwa a Jami'ar Harvard, ya wallafa littafi yana cewa zurfin karatu yana lalata lafiyar 'ya mace. A cewarsa, ƙarfin da jikinta ke buƙata domin haihuwa sai ƙwaƙwalwa ta janye shi, ta ƙare da ciwon jijiya da rashin haihuwa. Littafin ya samu kasuwa, an yi ta sake buga shi. Iyaye da yawa suka samu hujjar da suke nema, tunda maganar daga bakin likita ta fito.

Shekara 8 bayan haka, a watan Nuwamban 1881, mata 17 da suka kammala kwaleji suka haɗu a Boston bisa gayyatar Marion Talbot da Ellen Swallow Richards. Daga wannan zama aka haifi ƙungiyar da a 1921 ta haɗe da takwararta ta kudancin ƙasar, ta zama Ƙungiyar Matan Jami'a ta Amurka, wadda aka fi sani da AAUW. Amsar da suka ba wa Clarke ita ce ta fi ɗaukar hankalina a duk tarihinsu. Ba su tsaya cacar baki da shi ba. Takardar tambayoyi suka rubuta, suka aika wa matan da suka gama kwaleji, kowacce ta faɗi yadda lafiyarta take kafin karatu, da lokacin karatu, da bayansa. Mata 705 suka amsa. Sai ƙungiyar ta miƙa amsoshin ga ofishin ƙididdiga na jihar Massachusetts domin ya tantance, kada a ce su suka yi kiɗansu suka yi rawarsu. Sakamakon ya fito a 1885: lafiyar waɗannan mata ba ta da wani bambancin a zo a gani da ta sauran mata.

Ra'ayina shi ne, ƙungiyar mata masu digiri tana da amfani ne gwargwadon yadda take yin aikin da masu digiri kaɗai za su iya yi. Rabon shinkafa da atamfa kowa mai hali zai iya. Amma tattara hujja, da karanta kasafin kuɗi, da zama gaban hukuma da lambobi a hannu, wannan sai wadda ta yi karatun.

Hanya ta biyu da suka bi ta fi ta farko dabara, kuma ba a cika ambatonta ba. Shekaru da yawa ba kowace mai digiri ce ke iya shiga ƙungiyar ba, sai wadda ta fito daga makarantar da ƙungiyar ta amince da ita. Kafin ta amince kuwa, sai ta duba yadda makarantar ke tafiyar da mata: akwai masauki mai kyau ga ɗalibai mata, akwai mata cikin malamai, ana ba su matsayi kamar na maza? Shugabannin kwalejoji suna son sunan makarantarsu ya shiga jerin, domin abin alfahari ne a lokacin. Ta haka ƙungiyar da ba ta da ikon doka ko kaɗan ta riƙa sa makarantu suna gyara halinsu. Ƙofar shiga ita ce sandar da ke hannunta.

Sai kuɗi. A 1888 suka ba da tallafin karatu na farko, dala 350, ga wata ɗaliba mai suna Ida Street domin ta yi bincike a Jami'ar Michigan. Kuɗin daga aljihun mambobi ya fito. Lokacin da matan Amurka suka yi karo-karo suka saya wa masaniyar kimiyya Marie Curie giram ɗaya na sinadarin radiyam, wanda farashinsa ya kai dala 100,000, aka miƙa mata a fadar shugaban ƙasa a 1921, da gudunmawarsu a ciki. Yau ƙungiyar tana raba miliyoyin daloli a kowace shekara, har da ɗalibai mata 'yan ƙasashen waje. Amma rassanta na ƙananan garuruwa har yanzu da yawansu tsofaffin littattafai suke tarawa su sayar, su biya wa yarinya ɗaya ko biyu kuɗin kwaleji. Ba wani abin burgewa ba ne a ido. Abin da ya ba shi nauyi shi ne ana yin sa kowace shekara, ba a jiran wani attajiri ko uwargidan gwamna.

Bayan dokar ilimi ta 1972, wadda sashenta na tara ya haramta nuna bambancin jinsi a duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya, sai tambayar ta canza. An buɗe wa mata ƙofa, to me ke faruwa a cikin ajin? A 1992 AAUW ta fitar da rahoto da ya tattara bincike masu yawa, yana cewa malamai sun fi kula yara maza a aji, kuma 'yan mata suna ja da baya a lissafi da kimiyya yayin da suke girma. Shekara ɗaya bayan haka ta fitar da wani kan cin zarafi da tsangwama a makarantu, abin da a lokacin ake ɗauka wasan yara ne. Waɗannan rahotanni sun shiga majalisa, sun shiga kwasa-kwasan horar da malamai.

Rahoton 1992 ya sha suka, kuma ba duka sukar ce ta banza ba. Masu suka sun ce ya kau da kai daga yara maza, alhali su ne suka fi faɗuwa a karatu da rubutu, su ne aka fi kora daga makaranta. Ga shi kuma tun farkon shekarun 1980 mata ne suka fi yawa cikin masu samun digirin farko a Amurka. Ƙungiyar da aka kafa domin wani ɓangare tana iya makancewa ga matsalar ɗaya ɓangaren, wannan gaskiya ne. Sai dai a lura, masu sukar ma da lambobi suka zo. Muhawarar ta tashi daga "ni a ganina" ta koma "ga abin da aka ƙirga", kuma ƙungiyar ce ta ja ta zuwa can.

Akwai tabon da ya fi wannan muni. Mary Church Terrell, baƙar fata, ta samu digirinta a Kwalejin Oberlin a 1884, ta ƙara na biyu a 1888. A 1946, tana da shekara 83, ta nemi shiga reshen ƙungiyar na birnin Washington, aka ƙi ta saboda launin fatarta. Rigimar ta kai kotu, kotu ta ba reshen gaskiya bisa tsarin mulkin ƙungiyar na wancan lokaci. Sai a babban taron 1949 aka gyara tsarin, aka ce digiri kaɗai ne sharaɗi, launi ba ya ciki. Matan reshen da ba su yarda ba suka ɓalle. Mutanen da suka ƙaryata likitan da ya ce mace ba za ta iya karatu ba, su ne wasunsu suka rufe ƙofa a fuskar mace mai digiri biyu. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Shi kansa sharaɗin digiri har yau ana jayayya a kai. A 2005 aka sassauta, aka karɓi masu takardar karatun shekara biyu. A 2021 aka kaɗa ƙuri'a kan a cire sharaɗin gaba ɗaya, masu goyon baya suka fi yawa amma ba su kai kashi biyu cikin uku da ake buƙata ba. Masu son a cire suna cewa ba ya yiwuwa ka yi da'awar adalci a ilimi sannan ka hana wadda aka zalunta zama a teburinka. Ni ban damu da sharaɗin ba sosai. Abin da ya fi damuna shi ne, mata masu digiri idan suka zauna su kaɗai, matsalar masu digiri suke fara gani: ƙarin girma a wurin aiki, kujerar farfesa, gibin albashi. Duk suna da muhimmanci. Amma yarinyar da ta daina zuwa makaranta a aji biyar ba ta da wakiliya a ɗakin.

Nan ne maganar ta shafe mu. A 1919 matan jami'a na Amurka da Birtaniya, ƙarƙashin jagorancin Virginia Gildersleeve da Caroline Spurgeon, suka kafa tarayyar ƙasa da ƙasa ta irin waɗannan ƙungiyoyi, wadda a 2015 ta koma amsa sunan GWI, mai hedikwata a Janeba. Nijeriya tana da tata ƙungiyar matan jami'a a cikin wannan tarayya, NAUW. Bayan ita ga ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai na makarantun 'yan mata, ga na lauyoyi mata da likitoci mata, ga FOMWAN, tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi da aka kafa a Minna a 1985, wadda ta gina makarantu nata na kanta. Mata masu digiri a Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri yanzu ba a ƙirga su da yatsu. Abin da bai yawaita ba shi ne aikin ƙirge.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatu na shekara 9 kyauta ne kuma dole. Hukumar UBEC tana ware wa jihohi kuɗi, amma sai jiha ta kawo nata kason kafin ta ɗauka, kuma an sha ganin jihohi sun bar kuɗin yana kwance shekara da shekaru. Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 500 a 2020 domin shirin AGILE na karatun 'yan mata a jihohi 7, ciki har da Kano, Katsina, Kaduna, Kebbi da Borno. Wa ke bin sawun waɗannan kuɗi a matakin ƙaramar hukuma? Reshe ɗaya mai mata 30 zai iya ɗaukar ƙaramar hukuma ɗaya ya rubuta: 'yan mata nawa suka gama aji shida bana, nawa suka shiga ƙaramar sakandare, kilomita nawa ne zuwa makaranta mafi kusa, makarantu nawa ke da ban-ɗaki na mata mai ƙofa, malamai mata nawa aka tura ƙauye kuma nawa suka zauna. A maimaita baɗi a makarantun nan dai, a buga, a kai wa kwamishina da sarki da gidan rediyo.

A cikin tambayoyin kuma a sa iyaye, musamman uwaye. Uwar da ta ɗora wa 'yarta talla ba lallai ba ne tana ƙin boko. Sau da yawa lissafin kayan ɗaki take yi, ko kuma ta ga babbar 'yarta ta yi shekara shida a firamare ba ta iya karanta wasiƙa ba. Uban da ya cire 'yarsa daga makarantar kwana bayan abin da ya faru a Chibok da Dapchi da Jangebe, tsoro ne ya sa shi, kuma tsoron yana da dalili. Taron wayar da kai a ɗakin otal ba ya amsa ko ɗaya daga cikin waɗannan. Wanda ya ce talla zai so ya ji nawa ake samu a rana da abin da zai maye gurbinsa. Wanda ya ce tsaro zai so ya ga katanga da masu gadi, ko makarantar jeka-ka-dawo kusa da gida. Sai an rubuta wane dalili ne ya fi yawa a wane gari kafin a san wanda za a fara tunkara, kuma kuɗin karo-karon mambobi ya san inda zai nufa, kuɗin jarrabawar NECO ne ko kuɗin mota.