Ta'aziyya ta waya ba ta ɗebe wa mai takaba kewa

Duk lokacin da wata cuta ta ɓarke a Kano ko Jigawa, daga kwalara har mashaƙon da ya addabe mu tun ƙarshen 2022, sai wasu sun fito a rediyo da Facebook suna cewa a soke zaman makoki a karkara. Wai korona ta riga ta koya mana cewa ta'aziyya ta waya ta wadatar. Wannan magana tana ƙona min rai, domin masu yin ta ba su san mene ne suke neman a soke ba.

Su leƙa wani ƙauye a ƙasar Ringim ko Rano ranar da aka yi rasuwa. An dawo daga maƙabarta, an baza tabarmi a gindin darbejiya. Kowa ya zo ya durƙusa ya ce, "Malam, ya haƙuri? Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta." A wannan zaman ne ake cewa duk mai bin mamaci bashi ya fito. A nan ne ƙanensa zai ji cewa gonar da ba a gama nomewa ba za a yi mata gayya. Cikin gida kuwa, matar da ta shiga takabar wata huɗu da kwana goma tana zaune a tsakiyar mata. Wannan ta kawo kwanon tuwo, waccan ta goya mata jariri, wata tsohuwa da ta binne miji da 'ya'ya ta riƙe hannunta tana cewa, "Yi kukanki a hankali, 'yar nan, mu ma mun gani." Wace waya ce za ta yi wannan? Matar ma sau da yawa wayar da ke gidan ta mijin ce. Zumunta a ƙafa take. Kuma ciyar da gidan da aka yi wa rashi ba ƙauyanci ba ne: Manzon Allah (SAW) da kansa ya umarci a yi wa iyalan Ja'afar abinci lokacin da ya yi shahada.

Masu cewa babu korona ba zan ɓata lokaci a kansu ba. A watan Yunin 2020 ministan lafiya, Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mutum 979 da suka rasu a ƙananan hukumomi takwas na birnin Kano, kuma cutar na iya zama sanadin mutuwar kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari daga cikinsu. Cunkoso yana yaɗa cuta, wannan gaskiya ne. Amma a shekarar ne kuma talaka ya ga yadda jama'a suka taru a maƙabartar Gudu da ke Abuja ranar 18 ga Afrilu wajen binne Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa na lokacin, alhali shi ana ce masa ya zauna a gida. Da wane baki za a koma ƙauye a ce wa mutum kada maƙwabcinsa ya zo masa gaisuwa?

Abin da masu son haramci ba sa lissafawa shi ne ɓoyo. Idan magidanci ya yi zaton za a karɓe gawar mahaifinsa, ba wanka, ba salla, ba mai zuwa gaisuwa, to ba zai kai shi asibiti ba. An ga haka ƙarara lokacin Ebola a Gini da Laberiya da Saliyo a 2014, inda aka riƙa ɓoye marasa lafiya ana binne gawa a asirce, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta zauna da malaman addini aka fitar da tsarin binnewa mai kiyaye mutuncin mamaci. Ebola ke nan, wadda gawarta ke ɗauke da cuta mai tsanani. Mu kuwa sai mu ce mafita ita ce a watse kowa ya tafi gida? Wannan lalaci ne na masu zama a ofis, ba kishin lafiyar jama'a ba.

A kira dagaci da liman kafin a fitar da sanarwa, ba bayan ta fita ba. A yi zaman a fili, a ajiye buta da sabulu a ƙofar gida, a bar musabaha, unguwa-unguwa su riƙa zuwa bi da bi, tsofaffi da masu tari su aiko. Mata biyu ko uku su tsaya tare da mai takaba har ta samu natsuwa.