Kafin ki zuba kuɗinki a tukunyar gasa burodi

Tun da na fara gasa burodi a gida, ƴan uwa da maƙwabta tambayarsu ɗaya ce: wace tukunya za a saya, kuma nawa? Jiya ma ƙanwar maigidana ta turo mini hoton wata ja mai sheƙi, ta ce, "Anti, wannan ce irin taki?" Na ce mata a'a, tawa ta baƙin ƙarfe na zubi ce, baƙa ƙirin, ba ta da kyan gani, kuma ba zan musanya ta da jar ba. Bari in faɗa sau ɗaya a nan, in huta.

Ra'ayina shi ne, mai son gasa burodi nauyi da murfi take saye. Launi da sunan kamfani ado ne, wanda ke da hali ya yi.

Me ya sa ma ake neman tukunya? Burodi tururi yake so a farkon gashi. Idan ƙullu ya shiga wuta ba tururi, bayansa na bushewa nan da nan, ya yi ɓawo tun cikinsa bai gama tashi ba, sai ki fito da abu kamar tubali. Manyan gidajen burodi suna da obin mai fesa tururi. Namu na gida, fur ɗin gaz kamar yadda muke cewa a nan Yamai, ba shi da wannan. To idan kika sa ƙullu cikin tukunya mai zafi kika rufe, ruwan da ke jikinsa shi ke zama tururi, murfi ya tsare shi. Aikin tukunyar ke nan gaba ɗaya: ta riƙe zafi, ta riƙe tururi. Duk wadda ta iya waɗannan biyun ta isa.

Ni kuwa sai da na biya kuɗin makaranta kafin na gane. Ta farko da na saya, a wani butiki ne, mai shagon yana ta rantsuwa, "Hajiya, wallahi font ce, daga Turai." Lemo ce launinta, murfinta da ɗan maɗauki baƙi a sama. Na ɗauke ta da hannu ɗaya ban ji komai ba, har ina murna ba za ta karya mini ƙugu ba. Ashe rashin nauyin nan shi ne alamar da ya kamata ta tsayar da ni. A Faransanci kalmar font tana hawa kan baƙin ƙarfe na zubi, tana kuma hawa kan sanholam na zubi, to mai shagon bai yi ƙarya ba, bai kuma faɗi gaskiya ba. Ranar farko da na sa ta a wuta, maɗaukin ya fara narkewa, gidan duk ya ɗauki warin roba, yara suka fita tsakar gida suna tari. Irin wannan maɗaukin yawanci ba ya jure abin da ya wuce digiri 200, burodi kuwa 230 zuwa 250 yake so.

Tun daga ranar ba na shiga kasuwa neman tukunya sai da mayen ƙarfe a jaka, irin ɗan ƙaramin nan da ake mannawa a ƙofar firigo. Ki ɗora shi a gindin tukunya. In ya kama, ƙarfe ce. In ya zame ya faɗi, sanholam ce, ko da an shafe ta da baƙin fenti. Bayan haka ki ɗaga ta, domin akwai ta ƙarfe mara kauri mai fentin tangaran, ita ma maye na kama ta, amma ba ta riƙe zafi. Ta gaske, mai faɗin santimita 24 zuwa 26, wadda ke cin lita 4 zuwa 5, nauyinta da murfi yana kai kilo 4 zuwa 6. Sai kin sa hannu biyu. Wannan girman shi ya dace da burodin fulawa gram 500. Kada ki ce bari in sayi babba saboda baƙi, gaz kawai za ta sha miki, kuma ki auna cikin fur ɗinki da igiya kafin ki fita, kunnuwan tukunya sun sha hana ƙofa rufuwa.

Sai murfi, wanda mutane ba sa dubawa. Ki ɗora shi, ki juya shi, ki danna gefe da gefe. In yana rawa kamar kujera mai gajeriyar ƙafa, tururi zai gudu. In maɗaukinsa na roba ne amma da noti aka ɗaura shi, wannan ba matsala ba ce, a kwance a sa na ƙarfe, kowane mai walda zai yi miki. Ki kuma ƙwanƙwasa jikin tukunyar da makulli. Lafiyayya tana amsawa da ƙara mai tsawo, mai tsaga kuwa muryarta a dishe take. Tsatsa ba ta ba ni tsoro, ana kankare ta. Tsaga ce ba ta da magani.

Yanzu maganar masu suna. Na san akwai masu cewa in ba Le Creuset ba, ba tukunya ba ce. Ban musa ingancinta ba, tun 1925 ake zuba ta a arewacin Faransa, kuma akwai gidajen da jika ke girki a tukunyar kakarta. Amma sabuwa mai santimita 26 ta haura Yuro 300, wato kusan jika 200 (sefa dubu 200) na kuɗinmu, tun ba a sa kuɗin jirgi da na duwan ba. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake jika 42, ki lissafa wata nawa ke nan. Kuma abin da kike biya wa tsadar, wato tangaran mai sheƙi da aka lulluɓe ta da shi, miyar tumatir yake yi wa amfani, burodi bai san da shi ba. Hasali ma zafa tukunya wayam na rabin awa, wanda gashin burodi ke buƙata, shi ke sa farin tangaran ya dafe, na masu araha kuma ya fara tsattsagewa yana ɓarewa. A Amurka kamfanin Lodge tun 1896 yake zuba baƙar tukunya ba fenti ba ado, masu gashi na can suna ta aiki da ita a kan kuɗin da bai kama ƙafar na Faransa ba. Ƴan China marasa suna ma, in sun ci jarrabawar maye da nauyi da murfi, ba ruwan ƙullu da inda aka zuba su.

Tawa a wurin masu kayan gwanjo na same ta, cikin tarin faranti da cokulan da ake kwasowa daga Turai, ta yi ja da tsatsa, mai kayan ma bai ɗauke ta a bakin komai ba. Ban nuna masa ina so ba. Na tayi wani kasko, na ajiye, na juya zan tafi, sannan na ce, "Malam, wannan tsohuwar fa?" Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023, kaya suka koma zagayowa daga Lome ta Burkina, komai na waje ya ƙara kuɗi, don haka haƙurin yawo cikin gwanjo ya fi da riba.

Wata za ta ce, to tukwanenmu na kasuwar Katako fa? Ina girmama maƙeran nan, da tukwanensu aka yi tuwon sunan kowannenmu. Amma sanholam suke zubawa, kuma da dalili: yana narkewa a digiri 660, gawayi da zuga-zugi sun isa, baƙin ƙarfe kuwa sai wuta ta kusa 1200. Na gwada mai kauri, burodi ya fito, ana ci. Sai dai gindi yana saurin ƙonewa, murfin kuma ba ya zama daram. Wadda ba ta da halin wata yanzu, ta fara da ita, ta liƙe bakin murfin da ɗan ƙullu, ta ga ko gashin ma zai shiga ranta kafin ta kashe kuɗi.

Abin da ya fi ba ni daɗi da baƙar tukunya shi ne ba dole sai da fur ba. Ran da gaz ya ƙare, a kan gawayi nake yi: garwashi kaɗan a ƙasa, mai yawa a bisa murfi. Shi ya sa na fi son murfi shimfiɗaɗɗe mai ɗan baki a gefe da mai tudu, garwashi ba ya gangarowa. Wannan ba sabon ilimi ba ne a wurinmu. Goggona a garin Tawa haka take gasa cake ɗin salla, da rairayi a gindin tukunya da wuta a sama, kuma Buzaye suna binne ƙullun tagilla, wato burodinsu, cikin rairayi mai zafi da toka tun kafin a san obin. Mai tangaran ba za ki so ki yi mata haka ba, zuciyarki ba za ta bari ba.

Riƙonta ba wuya. Bayan kin kankare tsatsa da soson ƙarfe, ki busar da ita a kan wuta, ki shafa man gyaɗa kaɗan ƙwarai, ki goge kamar kin yi kuskuren shafawa, ki mayar wuta awa guda. Sau uku haka, za ta yi baƙi mai santsi. Kada ki bar ta da ruwa ta kwana, musamman da damina. Kada ki zuba mata ruwan sanyi tana da zafi, tsagewa take yi. Miyar yakuwa da duk abin da ke da tsamiya, a nema musu wata tukunyar, tsami na cinye wannan baƙin da kika sha wahalar yi.

Ga yadda nake yi, tun da na san ita ce tambaya ta gaba. Fulawa gram 500, ruwa mililita 350, gishiri gram 10, yis rabin ƙaramin cokali. A gauraya, a rufe. Littattafan Turawa za su ce a bar shi awa 12 zuwa 18, amma da sanyin ɗakinsu suke lissafi. A zafin Afrilu na Yamai, in kika bi su, tsami zai yi kamar kunun da ya kwana, don haka ko ki sa a firigo, ko ki riƙa leƙawa, da ya ninka ya fara ƙwayar ido a sama ya isa. Ki zafa tukunyar wayam rabin awa, ki sa ƙullun ki gasa, minti 25 a rufe, minti 15 zuwa 20 a buɗe. Ki tanadi tsumma mai kauri busasshe tun kafin ki kunna wuta, jiƙaƙƙe yana kai zafi hannu nan take, tabon yana nan a babban yatsana na dama.

Ƙanwar maigidan nawa dai mun yi da ita ran Asabar za mu zaga gwanjo tare. Na ce ta ɓalle mayen firigonta ta taho da shi, ta kuma sa takalmin da ba ta jin tausayinsa.